Hayaƙin Siminti da Makomar Masana'antunmu

Jawabin da kwamitin ɗaliban kimiyya da injiniya na ƙungiyarmu ya gabatar a zaman tattaunawa na zangon hunturu



Ranar da muka sanar cewa jawabinmu zai kasance a kan hayaƙin manyan masana'antu, wasu daga cikinku sun tare mu da tambaya, rabi raha rabi gaskiya. Suka ce, a gida ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga da rashin wutar lantarki, ku kuwa ba ku ga abin magana ba sai hayaƙi? Mun ji daɗin tambayar, kuma da ita za mu buɗe. Kusan kowa a ɗakin nan ko dai yana gini a gida, ko yana tara kuɗin gini, ko kuma an taɓa bugo masa waya ana neman gudummawar rufin masallacin unguwa ko ajin makarantar ƙauye. Da yawanmu mun san farashin buhun siminti a Kano ko Maraɗi ko Kumasi fiye da yadda muka san farashin burodi a shagon da ke ƙofar gidanmu a nan Birtaniya. To, a cikin wannan buhun maganarmu ta yau take. Abin da duniya ke shiryawa a kan hayaƙinsa zai taɓa farashinsa, ya taɓa ayyukan 'yan'uwanmu, ya kuma taɓa ruwan da ke ƙarƙashin gonakinmu.

Inda hayaƙin yake fitowa

A shekarar 1824 wani magini ɗan birnin Leeds, Joseph Aspdin, ya yi rajistar irin simintin da duniya ke gini da jikokinsa har yau. Tushen aikin bai sauya ba. Ana haƙo dutsen farar ƙasa, a niƙa shi tare da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a gasa shi har zafi ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa ƙwallaye ne masu launin toka da ake kira kilinka. Su ake niƙawa, a haɗa da ɗan wani ma'adini, a ɗura a buhu.

Iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya, tana fitowa daga wannan aiki ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce makamashin da ake ƙonawa, ko kwal ne ko gas ko baƙin mai. Ta biyu kuwa daga jikin dutsen ne kansa. Idan aka gasa kilo 100 na tsantsar dutsen farar ƙasa, kilo 56 ne ke saura, sauran kilo 44 sun tashi sama sun zama iskar kabon. Wannan ƙofa ta biyu ita ce mafi girma, domin ta nan kusan kashi 60 cikin 100 na hayaƙin siminti ke fita. Ma'ana, ko da an ce gobe an sami hanyar hura tanderun da hasken rana zalla, fiye da rabin matsalar tana nan daram. Idan aka yi lissafi a kan matsakaicin duniya, kowane buhu mai kilo 50 ya bar kimanin kilo 30 na wannan iska a sararin samaniya kafin ya iso hannun birkila.

Haka abin yake ga ƙarfe. Tama ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, kuma tun zamanin kakanninmu masu narka tama da gawayi ake raba su. Babban tanderun zamani da gasasshen kwal yake wannan aiki, yana fitar da kusan tan 2 na iskar kabon, ko fiye, a kan kowane tan na ƙarfe. Siminti da ƙarfe, kowannensu yana da alhakin kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a shekara. Dalilin ke nan da ya sa masana suka ce, tunda ba a iya hana wannan hayaƙi haihuwa, sai a tare shi a bakin bututu.

Yadda ake kama shi

Misalin da ya fi dacewa mu duba yana garin Brevik a ƙasar Norway. A watan Yunin 2025 kamfanin Heidelberg Materials ya buɗe wurin kama iskar kabon a masana'antar simintinsa da ke can, kuma shi ne na farko mai irin wannan girma a duk masana'antun siminti na duniya. Ana bi da hayaƙin ta cikin wata doguwar hasumiya inda wani ruwan sinadari ke zubowa daga sama. Ruwan sai ya tsotse iskar kabon, ya bar sauran hayaƙin ya wuce. Daga nan a kai ruwan wata hasumiyar a dafa shi, ya saki abin da ya tsotsa. Sai a matse iskar, a sanyaya ta har ta zama ruwa, a ɗura ta a jirgin ruwa na musamman zuwa wata tasha a gaɓar yammacin ƙasar. Daga tashar, bututu mai tsawon kimanin kilomita 100 ne ke kai ta cikin teku, a tura ta zurfin mita 2,600 ƙarƙashin ƙasan teku, cikin wani dutse mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda wani dutsen mai tauri ya rufe ta sama kamar faifai a bakin tukunya.

An tsara wurin ya kama tan 400,000 a shekara, wato kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Me ya sa rabi? Domin dafa wancan ruwan sinadari yana cin makamashi mai yawa, kuma zafin da ke ɓarna daga tanderun iyakar abin da zai iya dafawa ke nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ku kuma riƙe cewa gwamnatin Norway ce ta ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin dukkan shirin, ƙasar da ta kafa harajin iskar kabon tun 1991, take kuma binne ta a filin gas na Sleipner tun 1996. A nan Birtaniya ma, a watan Oktoban 2024 gwamnati ta yi alkawarin fam biliyan 21.7 cikin shekara 25 domin irin waɗannan ayyuka a yankunan Teesside da Merseyside.

Saboda haka duk wanda ya ce muku wannan fasaha tatsuniya ce, bai yi adalci ba. Tana aiki. Akwai ma 'yan'uwanmu injiniyoyi da za su ci abinci a cikinta a ƙasar nan, kuma muna yi musu fatan alheri.

Abin da ba a cika faɗa ba

Amma gaskiya ɗaya ba ta kore 'yar'uwarta. Duniya na fitar da fiye da tan biliyan 37 na iskar kabon a shekara daga makamashi da masana'antu. Duk wuraren kama ta da ke aiki a doron ƙasa, idan aka haɗa ƙarfinsu, kimanin tan miliyan 50 ne. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba, bayan shekaru kusan talatin ana ƙoƙari. Daɗin daɗawa, mafi yawan abin da ake kamawa ana tura shi ne cikin tsofaffin rijiyoyin mai domin ya tunkuɗo sauran man da ya maƙale. Wurin kama hayaƙin masana'antar ƙarfe da aka buɗe a Abu Dhabi a 2016 haka ake yi da nasa. A irin wannan hali an binne hayaƙi ne domin a haƙo abin da zai haifi wani hayaƙin.

Akwai kuma darasin da nahiyarmu ta bayar. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, kamfanonin BP da Sonatrach da Statoil sun binne kimanin tan miliyan 3.8 tsakanin 2004 da 2011. Tauraron ɗan Adam ya nuna ƙasa ta ɗan ɗago a saman rijiyoyin, masana suka yi shakkar ko dutsen da ke ƙasa ya fara tsagewa, aka dakatar da aikin. Dakatarwar ta yiwu ne domin akwai masu sa ido, kuma an saurare su. A Ostireliya, wurin binne iskar kabon na Gorgon, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya fara aiki a 2019, kuma ya yi shekaru bai cimma adadin da aka yi alkawari ba. Wannan kamfani ne mai tarin dukiya da ƙwararru, a ƙasar da hukumomi ke da haƙora.

Sannan ita wannan iska, idan ta taru wuri ɗaya, kisa take yi. Ba ta da launi, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka kwari take bi ta kwanta. 'Yan'uwanmu na Kamaru ba sa buƙatar a gaya musu. A daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos ya amayo ta, mutane fiye da 1,700 suka rasu tare da dubban dabbobi. Wancan daga ƙarƙashin tafki ta fito, babu hannun masana'anta, amma iskar ɗaya ce. A watan Fabrairun 2020 kuwa bututun da ke ɗauke da ita ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Mississippi ta Amurka, aka kai mutane fiye da 40 asibiti, motoci suka riƙa mutuwa a hanya domin injinansu sun rasa iskar da za su ja. Wanda ya san tarihin bututun mai a Najeriya ya san dalilin da ya sa muka kawo wannan.

Ina ruwanmu?

A tattaunawarmu da 'yan'uwa mun ji ra'ayi biyu, kuma muna ganin kowanne ya kama wani sashe na gaskiya ya saki wani.

Na farko yana cewa wannan matsalar Turawa ce. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Masana sun ƙiyasta cewa ƙasar Sin ta yi amfani da siminti tsakanin 2011 da 2013 fiye da wanda Amurka ta yi amfani da shi a duk ƙarni na 20. Ɗan Najeriya kuwa abin da yake amfani da shi a shekara bai kai kashi ɗaya cikin uku na matsakaicin duniya ba. Wanda ya gama gina gidansa ba shi da bakin hana maƙwabci aza tubali. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Muna buƙatar siminti, mai yawa kuwa. Wanda ya ga Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ya san cewa kare kanmu daga sauyin yanayin ma da siminti da ƙarfe za a yi shi: madatsu, magudanan ruwa, gadoji, asibitoci.

Inda muka rabu da masu wannan ra'ayi shi ne, rashin laifinmu ba zai hana a kawo mana takardar biya ba. Tarayyar Turai ta kafa dokar da ke ɗora haraji a kan kayan da ake shigar mata gwargwadon hayaƙin da aka fitar wajen yin su. Ta fara da karɓar bayanai a watan Oktoban 2023, aka tsara cikakken aikinta daga Janairun 2026, kuma ta shafi siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani. Birtaniya ta sanar da tata daga 2027. Gaskiya ne simintinmu ba Turai ake kai shi ba. Amma Najeriya tana fitar da taki, musamman tun bayan buɗe masana'antar Dangote ta Lekki a 2022, kuma duk mai mafarkin sayar da ƙarfen Najeriya a waje wata rana, da wannan ma'auni za a auna shi. Bankunan da ke ba da bashin gina masana'antu su ma sun fara tambayar hayaƙi kafin su buɗe jaka.

Abu na biyu da ya raba mu shi ne shekaru. Tanderun siminti yakan yi shekara 40 ko fiye yana aiki. Masana'antar Sakkwato da ke Kalambaina ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979, ta Malbaza a Nijar ma tun shekarun 1960 take. Obajana kaɗai yau tana da ƙarfin fiye da tan miliyan 16 a shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen al'ummar Najeriya za ta haura miliyan 350 kafin 2050, wato za a ƙara tanderu da yawa. Wanda aka aza harsashinsa bana zai kai 2060 yana aiki, shekarar da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Ra'ayi na biyu shi ne na masu ɗoki, waɗanda da sun ga sabuwar fasaha a Turai sai su ce a sayo mana. Muna roƙonsu su tuna rabin nan na Brevik. Na'urar kama hayaƙi mayunwaciya ce, wuta da zafi take ci, a ƙasar da masana'antu ke samar wa kansu lantarki domin ta gwamnati ba abin dogaro ba ce. Wa zai biya? Baitulmalinmu ba na Norway ba ne. Idan aka ɗora kuɗin a kan buhu, malamin makarantar da ya shekara goma yana tara bulo shi zai biya. Ina kuma za a kai iskar? Tsofaffin rijiyoyin mai suna yankin Neja Delta, fiye da kilomita 1,000 daga Sakkwato, kuma mutanen can sun riga sun sha wuya: rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Ba mutunci ba ne mu tura musu hayaƙinmu ba tare da yardarsu ba. Idan kuwa aka ce a binne a arewa, a kwarin Sakkwato ko na Chadi ko na Binuwai, to a ƙarƙashin wannan ƙasar ruwan rijiyoyinmu na burtsatse yake, kuma dole a yi bincike mai zurfi kafin a taɓa ta.

Matsayinmu

Matsayin kwamitinmu shi ne, kama hayaƙi da binne shi mataki ne na ƙarshe, na ragowar abin da ya gagari sauran dabaru. Akwai matakai huɗu da suka riga shi, kowanne ya fi shi arha, kuma ƙasar da ta tsallake su ta je gare shi ta yi kitso da ƙwarƙwata.

Na farko, a kashe wutar da ke ci a banza. Dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙona iskar gas a filayen mai ba tare da izini ba. Shekara 40 sun wuce, Najeriya tana nan cikin ƙasashe goma da suka fi kowa ƙona ta. Wannan gas ɗin shi ne masana'antun arewa ke nema ido rufe. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Tanderun da ya koma gas daga kwal ya rage hayaƙin makamashinsa sosai, kuma mutanen da ke zaune kusa da ma'adinan kwal irin na Maiganga a jihar Gwambe su ma za su sami sauƙi.

Na biyu, a rage kilinka a cikin buhu, tunda ita ce uwar hayaƙin. Masana daga Suwizalan da Kyuba da Indiya sun samar da wani siminti da ake kira LC3, wanda rabinsa kaɗai kilinka ne. Kashi 30 gasasshen yumɓu ne, kashi 15 kuma niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa ne da ba a gasa ba. Yumɓu zafin digiri 800 ya ishe shi, kuma ruwa yake saki idan an gasa shi. Ta haka hayaƙin kan ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ba tare da hasumiya ko jirgin ruwa ko rami ba. Ba sai mun je Turai ganin wannan ba. A Tema ta ƙasar Ghana an gina babban wurin gasa yumɓu domin a rage kilinkar da ake sayowa daga waje da dala, an kuma gina irinsa a Kribi ta Kamaru. Mu kuwa muna da farin yumɓu a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi da wasu wuraren. Abin da ake buƙata gwaji ne na gaskiya a jami'o'inmu, da ƙa'ida daga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, domin a ƙasar da benaye ke ruftawa ba wanda zai amince da sabon siminti a kan maganar baka. Idan gwamnatoci suka fara saye domin ayyukansu, kasuwa za ta biyo baya.

A ƙarƙashin wannan mataki, kada mu manta cewa ba kowane bango ne yake buƙatar siminti ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi. Masallacin Yama a Nijar, aikin Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse a inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Ɗakin ƙasa ya fi na bulon siminti sanyi a watan Afrilu, kowa ya sani. Raina shi da muke yi, har a ce wane ya ci gaba ya rushe gidan ƙasa, ciwo ne da ke cikin kawunanmu.

Na uku, a ciyar da tanderu da abin da ake zubarwa. Zafinsa yana cinye tsofaffin tayoyi da ɓuntun shinkafar da ke jibge a bayan injinan casa na Kano da Kebbi, kuma wasu kamfanoninmu sun fara. Sai dai a yi hattara: karan dawa da harawa abincin dabbobi ne, kayan danni ne, ba shara ba ne. Kada a gyara hayaƙi a ɓata kiwo.

Na huɗu ya shafi ƙarfe. An fara aikin Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, a kan tsarin babban tanderu mai cin kwal, kuma har yau tanderun bai taɓa narka tama ba. Kowace gwamnati takan yi alkawarin tayar da shi. Tambayar da ya kamata a yi ita ce, a kan wane tsari? Tun 1982 masana'antar Aladja ta yi amfani da gas wajen raba tama da oksijin, hanyar da hayaƙinta ya yi ƙasa da na kwal ƙwarai. Ita ce kuma hanyar da za a iya juyawa zuwa iskar haidirojin nan gaba, kamar yadda shirin HYBRIT na Sweden ya nuna a 2021 lokacin da ya miƙa wa kamfanin Volvo ƙarfen da aka yi ba da kwal ba. Ƙasar da ke da gas da rana mai yawa, kuma ba ta riga ta ɗaure kanta da tsohon tsari ba, jinkirinta na iya zame mata alheri idan ta yi tunani.

Hakkin ma'aikaci

Akwai abin da muka gani da idonmu a ƙasar nan. A ranar 30 ga Satumban 2024 aka kashe babban tanderu na ƙarshe a Port Talbot da ke Wales, domin a maye gurbinsa da na lantarki mai narka tsohon ƙarfe. Gwamnati ta ba da tallafin fam miliyan 500, amma kimanin ayyuka 2,800 aka ce za su tafi. Hayaƙin Birtaniya ya ragu a takarda, garin kuwa ya shiga makoki. Mu da muka san Kakuri a Kaduna da Sharaɗa da Bompai a Kano, muka ga abin da mutuwar masaƙu ta yi wa iyalai, ba ma buƙatar tafinta. Duk shirin rage hayaƙi da bai faɗi makomar direban tirela da mai dako da ma'aikacin ma'adini ba, bai cika ba. Haka nan mutanen da ke zaune a gindin masana'anta, waɗanda ƙura ke sauka a kan amfanin gonarsu da huhun 'ya'yansu, su ne farkon masu hakki, tun kafin a zo maganar iskar da ba a gani.

Abin da ya rage gare mu

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma kamar kullum 'yan takara za su biyo ta nan neman goyon bayan mazauna waje. Muna ba ƙungiya shawara kada a tsaya ga ɗaukar hoto. A tambaye su: dokar sauyin yanayi ta 2021 ta kafa majalisa ta ƙasa, to ina alƙaluman hayaƙin kowace babbar masana'anta, kuma me zai hana a buga su kowa ya gani? Yaushe gas zai isa Kano, a kan wane farashi? Idan wani kamfanin waje ya zo da tayin binne hayaƙi a ƙasarmu, hayaƙin wa za a binne, namu ko nasu? Wa zai mallaki ramin, wa zai sa masa ido bayan shekara 50, wa zai biya diyya idan ya yi yoyo? Shin za a nemi yardar mutanen wurin da harshen da suke ji? Ɗan takarar da ya kasa amsawa, aƙalla ya koma gida ya san akwai masu tambaya.

Mu ma da namu nauyin. A cikinmu akwai masu nazarin duwatsu, da masu haɗa sinadarai, da lauyoyi, da masu ilimin tattalin arziki. Ɗalibin da ke neman batun bincike, ga yumɓun Ƙanƙara yana jiran wanda zai auna shi. Lauya, ga yarjejeniyoyin da wata rana za a miƙa wa gwamnoninmu su sa hannu cikin gaggawa. Mai iya rubutu kuma ya mayar da wannan ilimi cikin Hausa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an gaya masa abin da ake shirin zuba masa a kan rufi. Kwamitinmu ya ɗauki alkawarin haɗa ɗan littafin kalmomin wannan fanni da Hausa kafin zama na gaba, kuma muna neman masu taya mu, musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Ghana, domin kalmomin su zama na kowa.

Shugaban taro, mun ci lokaci fiye da yadda aka ba mu, muna neman afuwa. Abin da muka yi daidai a ɗauka, inda muka yi kuskure malamanmu su gyara mana a lokacin tambayoyi. Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya mai da mu gida da ilimi mai amfani.